Budhram Mai Caka Buhu da Gyambon Ƙafarsa

Shekara talatin da huɗu Budhram ya yi a tsaye a ƙofar injin casar shinkafa na bakin hanyar Black Bush, da tsinken ƙarfe a hannu, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin manomin da ya sa masa albarka ba. Aikinsa ke nan: a kawo shanshera daga gona, ya duba, ya ce wannan A ce, wannan B, wannan C, kuma abin da bakinsa ya furta shi ne farashin wahalar mutum ta wata huɗu. Tsinken dogo ne mai rami, in ya caka shi a buhu sai ya fito da ƙwayar da ke kwance can ciki. Ya zuba a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayi, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya gatsa. Daga ƙarar da ta yi a haƙorinsa ya san ko ta sha rana ko da sauran laima. Ko da aka kawo na'urar awon laima daga baya, shi yake fara faɗa, sannan na'urar ta biyo bayansa.

Mu kuwa mutanen yankin Corentyne ba mu iya a ce mana C mu yi shiru ba. Babu dabarar da ba a gwada masa ba. Akwai masu zuba busasshiya a saman buhu su danne jiƙaƙƙiya a ƙasa, akwai masu jera buhunan kirki a bakin tirela su cusa na kunya a tsakiya, akwai kuma masu aika wa matarsa Kowsilla kifin hassa ko agwagwa ana gobe za su kawo kaya. Agwagwar dai yana ci, ya ce mayar da kyauta rashin ladabi ne. Washegari kuma ya zagaya bayan tirela, ya durƙusa, ya caka tsinke a gindin buhun da aka fi ɓoyewa, ya ɗago ya dubi mai kaya ya ce, "Ni ba saman buhu aka aiko ni saye ba." An zage shi da Turanci, an zage shi da harshen kakanni, har an taɓa tura shi cikin lambatu. Ya fito ya matse rigarsa ya rubuta C.

Ciwon suga ya shige shi tun yana bakin aiki, amma bai ɗauke shi a bakin komai ba, don rabin ƙauyen na fama da shi. Yana shan ƙwayarsa ranar da ya tuna, yana shan shayinsa da cokali uku, ba kuma bikin da za a yi ya dawo aljihu ba alewar mithai. 'Yarsu Savi da ke New York ta aiko masa da takalmi mai laushi na masu suga cikin gangar kayan Kirsimeti. Ya juya shi, ya yaba ɗinkin, ya mayar cikin kwali ya ɗora saman kabad, ya ce sai ranar biki ko jana'iza.

Ya ajiye aiki, amma abin da bai ajiye ba shi ne shisshigi a shinkafar mutane. In girbi ya zo, kowa ya shanya shansherarsa a gefen kwalta, rabin titi na motoci rabi na shinkafa, ana bi ta ciki ana jan ƙafa ana juya ta don rana ta ratsa ko'ina. Ba a yi da takalmi, takalmi na fasa ƙwaya. Samari su yi zuwa biyu su ruga inuwa suna ɗage ƙafa, kwalta ta gasa su. Budhram kuwa ba wanda ya gayyace shi, sai ya naɗe wando ya shiga shanyar maƙwabcinsa Latchman da tsakar rana, ya yi ta kai da kawowa yana wa'azi.

"Ku duba ƙafar maza! Ku 'yan yanzu ƙafar burodi gare ku. Ni ko ɗumi ba na ji."

Gaskiya ya faɗa, ba ya ji. Shi dai ya ɗauka tauri ƙafar ta yi, bai san ji ne ta daina ba.

Kowsilla ce ta gano. Ta wanke matakalar katako da safe, da hantsi ta ga jan tabo a kowane mataki na biyu, tun daga ƙasa har ƙofar ɗaki. Ta bi sawun ta iske mai shi a kwance cikin ragar lilo yana sauraron wasan kurket a rediyo. Ta kama ƙafar dama ta juya. A ƙarƙashin babban yatsa, inda nauyin mutum yake sauka, ga rami kamar an ɗora ƙwandala an danna.

"Baban Savi, yaushe ka ji wannan?"

"Na ji me?" Ya leƙa, ya taɓe baki. "Ƙaiƙayi ne ya ɗan karce ni. Kawo man kwakwa."

Ba man kwakwa ta kawo ba, mayafinta ta ɗauko. Ranar Laraba ce, ranar masu ƙafa a ƙaramin asibitin ƙauye.

Bencin masu ƙafa majalisa ce mai zaman kanta. Ba a tambayar mutum lafiyarsa, tambayar ita ce, "Kai nawa ne?" Latchman, wanda ya shekara biyu yana raka ƙanensa wurin, shi ya karanta wa Budhram darasin tun kafin a kira shi. Ya ce nas ɗin tana da kati mai zanen ƙafa, a kusurwa tana rubuta lamba. Ɗaya, ciwon na fata ne. Biyu, ya nutsa ya kai jijiya. Waɗannan nata ne, in mutum ya ji magana a nan zai warke. Uku kuwa ya taɓa ƙashi ko ya tara mugunya a ciki, ba ta riƙewa, sai babban asibitin birni.

"Huɗu fa?" in ji Budhram.

"Wani wuri ya mutu ya yi baƙi. Biyar, duka ƙafar. Waɗannan na wuƙa ne." Latchman ya nuna ƙanensa da haɓa, yana zaune da ƙafar wando ɗaya a naɗe da fil. "Shi da huɗu ya zo. Daga ganin lambar ta gaya mana inda za a ƙare, a can aka ƙare kuwa." Sai ya sassauta murya, yana murmushin mugunta. "Ka kuwa san 'yar waye nas ɗin? 'Yar Cuthbert Thom ce."

Budhram ya san sunan sarai. Cuthbert Thom ya daɗe da rasuwa, amma ranarsa ba ta mantuwa. Shekarar da ruwan sama ya daki girbi, Cuthbert ya zo da tirela cike, kowane buhu busasshiya a sama. Budhram ya caka gindin buhu, tsinke ya fito da ƙwaya har ta fara tsiro. Da ya rubuta a takarda ya yi shiru da sauƙi, amma sai da ya ɗaga ta sama a gaban layin manoma ya ce, "Thom, shinkafa ka kawo ko gona?" Aka kwashe da dariya. Ya tuna akwai wata yarinya zaune a kan buhunan da kitso biyu, tana kallonsa ba ta ko ƙiftawa.

Yarinyar nan ce yanzu ta leƙo, mace mai jiki da tabarau a goshi, ta ce, "Kawu Budhram, shigo."

Nas Ismay ba ta nuna ta taɓa ganinsa ba. Ta kwantar da shi, ta dafa bayan ƙafar da yatsu biyu ta ce jini na gudu sosai, wannan abin godiya ne. Sannan ta ɗauko wani siririn zaren roba mai ɗan tauri, ta ce ya rufe ido, duk inda ya ji an taɓa ya ce na ji. Ya rufe ido ya yi ta jira a fara. Da ya gaji ya ce, "To, bismillah mana, Nas." Ta ce ai ta gama, wuri goma ta taɓa. Ta kankare kantar da ta kewaye gyambon, ta auna tsawo da faɗi, ta sa ɗan tsinken ƙarfe mai dunƙulallen kai ta taɓa ƙasan ciwon, ta rubuta ɗaya. Ta ce ya ɗauke nauyi daga kan ƙafar, ya sauko da takalmin Savi daga saman kabad, ya dawo duk Laraba, kuma in ta ji ya taka shanyar wani, ita da shi ne.

Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana ba wasu maki ba zai yarda a ce ya ci sifili cikin goma ba. Kafin Laraba ta zagayo ya shirya da Kowsilla. Za ta zauna a kujerar gefe, duk sanda zare ya taɓa ƙafa ta yi ɗan tari. Ta ce ita ba ta son wannan shiririta da tsufanta, ya ce ita ce ta soya agwagin mutane shekara da shekaru, yau za ta yi masa tsarki?

Aka fara. Kowsilla ta yi tari, ya ce, "Na ji." Ta sake, ya ce, "Na ji sarai." Sau shida ba kuskure. Nas Ismay ta ce kai, wannan abin al'ajabi ne, bari ta gwada can ƙasa. Ta sunkuya ta kare da kafaɗarta, ta motsa hannu. Kowsilla da idonta ya fara hazo ta ga motsi, ta saki tari.

"Na ji! Wannan har ya ɗan yi zafi."

"Madalla," in ji Nas Ismay. "Takalminka na taɓa, Kawu. Takalmin dai lafiyarsa ƙalau. Inna, ke kuma in mun gama ki tsaya a ba ki maganin tari."

Har bakin titi ana jin dariyar 'yan benci, don bangon asibitin nan na katako ne, ba ya riƙe sirrin kowa.

Da ya ji magana, da labarin ya ƙare a nan. Amma girbin kaka ya shigo, Latchman ya shanya shinkafa, ya ɗauki wasu samari biyu da ke juya ta kamar masu tsoron ta cije su. Kwana biyu Budhram ya daure yana kallo daga baranda. Rana ta uku, Kowsilla ta tafi kasuwa, ya cire takalmin ya sa safa a kan bandejin ya sauka, wai zai nuna musu sau ɗaya kawai. Sau ɗayan nan ya kai har la'asar, ya kuma maimaita washegari.

Laraba ta zo. Nas Ismay ta kwance bandeji, ta sa hantsaki cikin gyambon ta zaro wani abu ta ɗaga shi a haske. Ƙwayar shanshera ce, cikakkiya.

"Kawu, ƙafa ka kawo ko gona?"

Ta faɗa ne ba dariya, ba ta ko dube shi ba. Shi kuwa ya ji maganar har tsakiyar kansa. Ashe ta tuna. Ta sa tsinkenta, ya shiga fiye da da, ta goge ɗaya ta rubuta biyu. Ta ce masa a fili, daga nan saura mataki ɗaya, kuma in ya kai uku ba roƙon da zai sa ta riƙe shi.

Mako na gaba ya zo da agwagwa a kwando, ƙafafunta a ɗaure. Nas Ismay ta leƙa ta ce kai, ta yi ƙiba, Allah ya amfana, amma ya mayar da abarsa, ita ba ta iya cin kyauta ta kuma caka wa mai ita tsinke ba, wannan baiwa ce ta manya. Ya koma gida da agwagwa tana kuka a cikin mota, da biyu a katinsa.

Daga nan zargi ya shige shi, ya kuma sami wurin zama. Ya dinga lissafa wa Kowsilla. Duk Laraba ciwon ya fara haɗe baki, sai matar nan ta sa reza ta kankare, ya fito ya fi yadda ya shiga faɗi. Ya zo da ɗaya, ta mai da shi biyu. Yanzu tana shirin uku ne ta tura shi birni, inda ake zuwa da ƙafa biyu a dawo da ƙafar wando a naɗe. Fansar ubanta take ɗauka, a hankali, da lamba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da aka tura shi lambatu, amma bai san yadda ake faɗin tsoro ba sai ta hanyar faɗa.

Ya yanke zuwa asibiti. Ya koma kurkum da man kwakwa, da ruwan ganyen darbejiya safe da yamma. Abin mamaki, ko kuma abin da ya ɗauka mamaki ne, kanta ta dinga taruwa tana rufe ramin. Cikin mako biyar bakin gyambon ya haɗe, sai ɗan ɗigo kamar hudar allura. Ya dinga ɗaga ƙafar yana nuna wa duk wanda ya zo wucewa.

Amma Kowsilla ita ke wanke safa. Ta ji warin da ba na gumi ba. Ta ga ƙafar dama ta fi ta hagu cika, in ta dafa ta ji ɗumi, kuma da yamma mijin nata yakan nemi bargo ana wannan zafi. Ta san in ta ce mu je asibiti don ba ka da lafiya, ko da tarakta ba za a ja shi ba. Shekara arba'in da ɗaya tana zaune da mutumin, ta san ta inda ake kama shi.

"Baban Savi, ni abin da ke ba ni haushi, kana nan ka warke, ita kuma tana can tana gaya wa mutane ka gudu."

"Wa ya gudu?"

"Haka Latchman ya ce ana faɗa a benci. Wai mai caka buhu ya ga tsinke ya arce. Da ni ce kai, da na je na ajiye mata ƙafar nan a gaban kowa, ta rubuta ya warke da hannunta, in ga ta tsiya."

Ranar Laraba tun kafin ta gama shafa mai ya riga ya sa farar riga yana jiranta a ƙasa.

Bai zauna a benci ba. Ya tsaya a tsakiya ya sanar da jama'a cewa ya zo nuna wa ilimin boko abin da kurkum ya yi. Da aka kira shi ya ce a bar ƙofa a buɗe. Ya hau gado ya cire safa da kansa, ya miƙa ƙafar.

"Ga shi nan. Ya rufe ruf. Sai ki rubuta."

Nas Ismay ta sauke tabarau daga goshi. Ta daɗe tana kallo. Ta dafa ƙafar dama da bayan hannu, ta dafa ta hagu, ta dawo ta dama. Ta dubi Kowsilla, Kowsilla ta sunkuyar da kai. Sai ta tashi ta rufe ƙofar da kanta, ta sa safar hannu, ta ɗauki reza.

"A'a! Kada ki kuskura ki buɗe min abin da ya rufe!"

"Kawu, saman ne ya rufe."

Ta kankare sau uku a hankali. A na huɗu kantar ta fashe, mugunya ta biyo da wari har Kowsilla ta kai mayafi hanci. Nas ta wanke, ta ɗauki tsinkenta ta zura. Ya shiga, ya ƙara shiga, ya wuce inda ya tsaya wancan karon. Sai hannunta ya tsaya. Ta zare shi ta ajiye a faranti, ta jawo kati.

Budhram bai ji komai a ƙafar ba, fuskarta ya karanta. Ya tashi zaune.

"Na san abin da za ki rubuta. Tun ranar farko na sani. Saboda Cuthbert ne. Ubanki ya yi algus na kama shi, shi ne za ki sa a sare min ƙafa!"

Ta ajiye biro. Ta jawo kujera ta zauna daf da shi, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda 'yan benci ba za su ji ba.

"To bari in gaya maka, tunda ka tono. Ina da shekara tara na tsane ka. A tirelar nan muka koma gida Baba bai ce uffan ba, ni kuwa ina ta tsara yadda zan yi maka in na girma. Ranar da na ga sunanka a kati sai da na ce yau Allah ya kawo shi. Har yanzu ba wai kana burge ni ba ne." Ta ɗaga katin. "Amma ka san yadda zan rama in ramawa nake so? Ɗaya zan rubuta. In yaba kurkum ɗinka, in naɗe maka da sabon bandeji, in raka ka har ƙofa ana tafa maka. Kafin wata biyu su kawo min kai da biyar."

Budhram ya janye ƙafarsa.

"Ba ka yarda da ni ba, ba komai. Da hannunka ka yarda ai." Ta zura masa safar hannu, ta ɗauko sabon tsinke, ta sa ya ɗora ƙafar a kan gwiwarsa. Ta riƙe hannunsa ta saita kan tsinken a bakin ramin. "A hankali. Kai ne mai aikin, ni ɗaliba ce."

Ƙafarsa ta daina ji, amma yatsun hannun nan sun shekara talatin da huɗu suna sauraron abin da ke cikin buhu ta jikin ƙarfe. Ya tura. Ya ji laushi, ya ji inda ya kamata a ce nama ya tare shi bai tare ba, ya ji tsinke na tafiya cikin rami mai faɗi fiye da bakinsa. Sai ƙarfen ya ci karo da abu mai tauri, mai gautsi-gautsi, kamar tsakuwa a gindin buhu. Ya ɗan motsa shi. Ya sake ji.

Ya daɗe a haka, kai a sunkuye. Shi ne ya zuba mai kyau a sama ya danne ruɓaɓɓe a ƙasa, ya kuma ɗauko da ƙafarsa ya kawo wa mai tsinke. Kunya ta rufe shi fiye da tsoron ma.

"Nawa ne, Kawu?"

"Uku," ya ce. Muryar ta fito irin ta ƙofar injin, ba roƙo a ciki.

"Uku ne. Sai sun ɗauki hoto sun tabbatar, amma uku ne. Ka ji abin da lambar take faɗa: ba abin da ya yi baƙi tukuna, kuma jininka na gudu. Masu irin wannan in sun tafi da wuri, yawanci da ƙafarsu suke dawo min. Yatsan ban yi maka alkawari ba. In ka ce sai bayan girbi, ƙafar ma ban yi ba."

Ya dubi Kowsilla, ko za ta yi ɗan tarin ceto. Ba ta yi ba. Hawaye ne a fuskarta, ta kuma sa hannu ƙarƙashin kujera ta jawo jakar da ta shigo da ita, wadda shi ya ɗauka ta cefane ce. Kayan kwanansa ne a ciki, da rediyo, da kwanon abinci.

"Shekara arba'in da ɗaya ina ɗaukar maka abinci," ta ce. "Abinci zan iya. Kai ne ba zan iya ɗauka ba, Baban Savi. Tashi mu je."

Kwana goma sha tara ya yi a birni ana ɗura masa magani ta jijiya. Suka cire babban yatsan da guntun ƙashin da ya ruɓe a bayansa, suka bar masa sauran. An ce ya addabi ɗakin da sharhi a kan shinkafar asibiti, ya ce ko C bai kamata a ba ta ba. Bayan ya dawo sai da aka ƙara wata uku ana Laraba, bai tsallake ko ɗaya ba, kuma duk sanda reza ta fito shi yake fara cewa a kankare da kyau.

Ranar da wurin ya haɗe, haɗewar gaske daga ƙasa zuwa sama, ya tambaya ko za a yaga katin. Nas Ismay ta ce ba a yagawa. Ta rubuta sifili, ta ce ƙafar da ta daina ji ba ta fita daga littafinta sai mai ita ya bar duniya, ya dinga duba tafinsa a madubi kowace safiya, ya kuma zo duk wata. Ya ce to ko yanzu za a karɓi agwagwar? Ta ce yanzu kam a kawo, amma Inna ta soya, ita ba ta iya fiɗa ba.

Yanzu in girbi ya zo za ka gan shi a gefen kwalta a kan kujerar roba, takalmin Savi a ƙafa, yana ba samari umarni da sanda, ba wanda ya gayyace shi. Laraba kuwa ko ba ranarsa ba ce yana benci. A makon jiya Latchman ne ya zo da nasa, sabon shiga, ya matso kusa da shi yana raɗa masa cewa ciwon ya rufe da kansa, ya sa masa toka da man kwakwa, don Allah ya taya shi gaya wa nas ba sai an taɓa ba, tsakaninsu ai maƙwabtaka ce ta shekara hamsin.

Budhram ya saurare shi har ya gama, yana gyaɗa kai kamar mai tausayi. Sannan ya miƙe a kan ƙafafunsa biyu, ya taka har ƙofa da ɗan ɗingishinsa, ya ƙwanƙwasa.

"Nas Ismay! Ga wani nan ya zuba mai kyau a sama. Ɗauko dogon tsinken."